Matar da Ba Ta Shan Ruwan Maraba

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Limawa da ƙarfe bakwai saura na safe ya san ƙarar. Kafin a ga matar, ana jin kwalabenta suna karo da juna a cikin wata tsohuwar kula da rana ta cinye launinta. Keken napep zai tsaya a bakin lungu, ta sauko da ƙafar dama tukuna saboda gwiwar hagu ta daɗe da yi mata tawaye, ta rungumi kular, ta nufi teburin Haula mai shinkafa da wake. Faranti guda take ci, mai kaɗan, yaji kaɗan. Idan aka miƙo mata kofin ruwa sai ta ɗaga hannu, ta ciro gora daga jakarta ta sha nata. Shekara talatin da uku ke nan Madam Alisabatu Shekwolo tana wannan sammako, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

'Yar Gbagyi ce daga wajen Kuta, ma'aikaciya a wani ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati. Aikin da aka ɗauke ta dominsa shi ne gwada ruwan famfo da na burtsatsen hukuma. Rijiyoyin cikin gidaje ba sa cikin takardarta, ba wanda ya aike ta, ba kuma wanda zai tuhume ta in ba ta je ba. Amma duk Asabar, maimakon ta miƙe ƙafa a gida, sai ta ɗauki kular nan ta shiga lunguna tana sallama. Yara suka raɗa mata Mama Kwalba. Manya kuwa abin da suka riƙe game da ita guda ne, kuma ba na yabo ba ne: matar nan ba ta shan ruwan maraba. Ka tarbe ta, ka shimfiɗa mata tabarma, ka kawo ruwa a kwanon da ya fi kowane haske a gidan, ta yi godiya ta ajiye shi a gefe. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce ƙyama ce don addini ya bambanta. Ta sha jin duka biyun, ba ta taɓa tsayawa kare kanta ba.

Haula ma haka ta ɗauke ta da farko, kuma ta bakin Haula na ji yawancin abin da zan faɗa.

Mu mutanen Minna muna da namu ɗakin gwajin, kowa yana yawo da shi a jikinsa. Mu leƙa ruwa mu ga ya yi garau, mu kurɓa mu ji ba ɗaci, mu goga sabulu mu ga kumfa ya tashi, shi ke nan mun yanke hukunci. A wannan ma'auni babu rijiyar da ta kama ƙafar ta Malam Siddiq, mahaifin Haula. Da kansa ya sa aka haƙa ta a ƙofar gida, ba a cikin gida ba, don kowa ya ɗiba ba tare da sallama ba. Ya ce sadaka ce, ko bayan ransa kada a hana kowa. Ruwanta sanyi, ga daɗi, wake ya ji shi ya narke ba sai an cika masa kanwa ba. Bayan rasuwar Malam, iyalinsa sukan zauna su ga ana jan guga, ransu ya yi fari, domin kowane guga lada ne da ke isa gare shi a kabari.

A ƙarshen lungun kuma akwai rijiyar Baba Ndayako, tsohon kafinta. Ita ce abin dariyar unguwa. Ruwanta zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, buta ta kwana biyu da shi ta yi farin ɓawo a ciki, wake kuwa ka ɗora tun safe, azahar ta same ka kana jira. Mata sukan ce ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki.

Damina shida da suka wuce, wata safiya, Madam Alisabatu tana cin abincinta ta lura da yarinyar da ke kwance a kan zani bayan teburin. Zakiyya ce, 'yar Haula, shekararta biyu da rabi. Idanunta sun faɗa, wuyanta ya yi siriri.

"Maman Zakiyya, yaya yarinyar nan kullum a kwance?"

"Gudawa ce, Mama. Ta tafi, ta dawo. An ce haƙori ne."

"Haƙorin nan bai gama fitowa ba tun bara? Wane ruwa take sha?"

Haula ta yi dariya, har da ɗan alfahari, ta nuna rijiyar da haɓa. "Wane ruwa kuwa? Na Babanmu. Duk Limawa babu irinsa."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce ranar Asabar za ta zo.

Ta zo ɗin. Inna Rekiya, mahaifiyar Haula, ta tarbe ta a tsakar gida, ta ɗebo ruwa daga randa a kwanon silba ta durƙusa ta ajiye. Baƙuwa ta ce ta gode, ba ta taɓa ba. Haula ta ce ta ga fuskar Inna ta canza nan take.

"Ruwan Malam ne fa," in ji Inna.

"Na sani, Inna. Ki yi haƙuri da ni."

Sai ta buɗe kula ta ciro 'yan kwalabe biyu, kowace da 'yar takarda a naɗe a ciki. Ta yi bayani a taƙaice: takardar an jiƙa ta da magani, idan ruwa yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, cikin kwana biyu zai koma baƙi. Wannan ita ce hanyar aikinta. Tun tana sabuwar ma'aikaciya ta gane cewa takardar sakamako ba ta hana kowa shan ruwa, ninke ta ake yi a cusa a ƙarƙashin katifa. Don haka ba ta faɗin sakamako da bakinta. Mai gida ne zai ɗebi ruwan da hannunsa, kwalbar ta kwana a ɗakinsa, ya gani da idonsa.

Haula ta cika ɗaya da ruwan rijiyar Malam, ta je ta cika ɗayar a gidan Baba Ndayako. Inna ta ɗaura wa ta Malam jan zare a wuya. A ruwan Baba Ndayako, Madam ta ƙara wani gwajin a gabansu, tana ɗiga magani tana ƙirgawa har ruwan ya juya daga ja zuwa shuɗi. Ɗigon ya yi yawa ƙwarai. Matan da suka taru suka fashe da dariya, suka ce ai ba sai an jira jibi ba, an ga mai laifi.

"Wannan nauyin dutse ne kawai," in ji Madam. "Ɓarnarsa a sabulu da wake take tsayawa. Ku dai jira kwalba."

Ranar Litinin da hantsi Haula ta shiga ɗakin Inna tana tsokana, tana cewa a fito da kwalbar Baba Ndayako a kai masa tsaraba. Inna ta ɗaga murfin kwanon da ta adana su.  Kwalba ɗaya tana nan fes kamar yanzu aka zuba. Ɗayar ta koma baƙi ƙirin kamar tawadar allo, kuma jan zaren yana wuyanta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna. Ta sake duba zaren, ta juya kwalbar, ta ɗaga ta ga haske. "A'a. An musanya. Haula, kin musanya."

"Inna, ke kika ɗaura. A ɗakinki suka kwana."

Haula ta buɗe murfin, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Wannan ne ruwan da take sirka wa Zakiyya koko da shi don ya huce, shi take zuba wa masu cin abincinta a kofi, shi dukan lungun ke buɗe baki da shi da azumi. Ta zauna a ƙasa.

Kafin azahar labari ya kai wa Yunusa, yayan Haula, a shagonsa. Ya iso yana huci, jama'a na biye. Da Madam ta biyo da yamma bayan tashi daga aiki, taro ta tarar a bakin rijiya.

"Madam, me muka yi miki?" in ji Yunusa. "Kin ƙi shan ruwanmu, mun yi shiru. Yanzu kin zuba abu a kwalba don ki ɓata sunan mahaifinmu? Shekara ashirin ana shan rijiyar nan!"

Wani daga baya ya ce a kore ta. Wata ta ce dama an san irinsu. Duk wanda ya san yadda irin wannan magana ke kama wuta a gari ya san matar nan tana tsaye a wuri mai haɗari. Ita kuwa ta ajiye kular a gaban Yunusa ta buɗe.

"Malam Yunusa, abeg, don Allah kada ka yarda da ni. Zaɓi kwalba shida da hannunka. Uku ka cika a nan, uku a gidan Baba Ndayako. Kai su shagonka ka kulle. Ni ba zan taɓa ba."

Yana zaɓa, ita kuma idonta yana yawo. Sai idon ya sauka a kan wani ɗan gini mai ƙofar langa-langa, can sama kaɗan da rijiyar, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Ta tambaya mene ne. Aka ce masai ne. Ta jingina bayanta da bakin rijiya, ta fara takawa da gwiwar nan tata mai ciwo, tana ƙirgawa a fili. Ɗaya, biyu, uku. Hayaniya ta fara raguwa. Da ta ce tara, hannunta yana kan ƙofar.

"Taku talatin ake so, mafi ƙaranci," in ji ta. "Kuma rami ya kasance a gangare, rijiya a sama. Wa ya haƙa wannan?"

Kowa ya sani. Yunusa ne. Shekara guda bayan rasuwar Malam, ya ga masu zuwa alwala da masu wucewa suna rasa inda za su kewaya, ya ce bari ya ƙara wa mahaifinsa sadaka a kan sadaka. Da guminsa ya gina, ya kuma matso da shi kusa da rijiya da gangan, don kada tsofaffi su wahala wajen ɗaukar buta. Unguwa ta yi ta sa masa albarka. Shekara huɗu ramin yana nan, kowace damina ruwan sama yana ratsa ƙasa yana gangarowa da abin da ke cikinsa.

 Babu mugu ko ɗaya a cikin labarin nan. Ɗa ne mai son ubansa, da unguwa mai godiya, da ruwa mai daɗi.

Haula ce ta fara yin lissafin shekarun. Tana da wata 'ya kafin Zakiyya, sunanta Fadila. Shekara biyu bayan gina masan, a tsakiyar damina, gudawa da amai suka ɗauke ta cikin kwana uku. An ce iska ce, an ce baki ne, an yi haƙuri. Haula ta ratsa mutane ta kama hannun Madam.

"Mama, ki gaya mini gaskiya. Fadila, da hannuna na ba ta?"

A nan ne na san ko wace ce ke, Madam Alisabatu. Da wata ce, da ta ce a'a don ta kwantar da hankali, a ci gaba da sha. Da wani ne mai son a ce ya yi nasara, da ya ce e, ya bar uwa da wannan nauyi har kabarinta. Ke kuwa kika riƙe hannunta biyu kika ce: "'Yata, ban gwada ruwan waccan shekarar ba, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Na bana na gani. Kuma Zakiyya tana numfashi. Tashi ki tafasa ruwa, gobe da safe mu kai ta asibiti."

Ranar Laraba Yunusa ya dawo daga shago da kwalabe shida a leda. Ya jera su a gaban Inna. Uku fes, uku baƙi. Ya zauna a dandariyar ƙasa, babban mutum mai iyali, ya rufe fuska da hularsa. Amma ko a lokacin, da aka zo maganar rufe rijiya, sai ya ɗago.

"Inna, in aka rufe, ladan Baba fa? Shi ya ce kada a hana kowa. Ni na ɓata masa ruwa, kuma ni zan yanke masa sadaka?"

Wannan ita ce tambayar da ta hana gidan motsi, kuma kada kowa ya raina ta. Madam tana zaune a gefe, ba ta sa baki ba, ta san wannan ba hurumin kwalba ba ne. Inna Rekiya ta daɗe tana kallon kwalaben.

"Ubanku ruwa ya haƙa wa mutane," in ji ta. "Bai haƙa musu wannan ba. Haula, ɗauko kwaɗon akwatina."

Wata bakwai kwaɗon nan ya yi a kan murfin rijiyar Malam. Lungu kaf ya koma layi a ƙofar Baba Ndayako, mutumin da aka shekara ashirin ana yi wa rijiyarsa dariya. Ya cire ƙyauren gidansa gaba ɗaya ya jingine, sai dai in ya ga wata tana ta goga sabulu ba kumfa yakan tambaye ta ko akuyar ta gama shawara. Haula ta gaya wa masu cin abincinta gaskiya da bakinta, rabinsu suka gudu, sauran suka yi ta ƙorafin wake ya yi tauri. Zakiyya kuwa, bayan magani da tafasasshen ruwan zartsi, wuyanta ya fara cikowa. Kafin sallar layya tana bin kaji da gudu.

Duk Asabar ta waɗannan watanni Madam tana nan. Ta tsaya aka kwashe masan aka cike ramin, aka haƙa sabo can gangare, ita ta taka talatin da biyar ta ce a nan. Ta sa aka yashe rijiyar, aka zura mata zoben siminti, aka daɓe bakinta, aka zuba maganin kulorin, aka rataye guga ɗaya a ƙusa maimakon kowa ya zo da nasa ya yar a ƙasa. Kwalbar farko bayan gyara ta yi baƙi. Ta biyu ta yi baƙi. Ta uku ta yi toka-toka, Yunusa ya ce ai wannan ta kusa, a buɗe. Madam ta ce ba ta san wani gwaji mai suna ta kusa ba. Ta huɗu ce ta kwana biyu fes, Inna ta buɗe kwaɗon da hannunta, mata suka rangaɗa guɗa. Aka kawo wa Madam kwanon farko. Ta yi godiya, ta ajiye shi a gefe.

Haula ta ce ranar kam ta ji haushi, ta tare ta a bakin lungu. "Mama, yanzu kuma mene ne? Ke da kanki kika ce ruwan ya gyaru."

"Maman Zakiyya, in na sha a gida ɗaya, gobe za a ce Madam ta sha, ba sai an gwada ba. Rijiya tana canzawa, damina tana zuwa. Ba na so a dogara da bakina. A dogara da kwalba."

Ashe abin da aka shekara talatin ana kira girman kai ke nan. Ke ce kika zaɓi a zage ki a kowace tsakar gida don kada kurɓarki ta zama shaida. Ke ce kika sa aka rufe rijiyar cocinku wata uku, har wasu suka daina gaishe ki ranar Lahadi. Wata mai tallar nono daga wajen Kagara ta gaya wa Haula cewa har rugarsu kin je a kan babur, kin nuna musu inda za su daina shayar da shanu. Babu allo mai sunanki a jikin kowace rijiya, kuma yaran da kika tsare ba su san an tsare su ba, domin ba su yi ciwon da za su tuna ba. Mama Kwalba, mai taku a bakin rijiya, wannan shi ne aikinki.

Asabar da ta wuce ta zo Limawa da kularta a karo na ƙarshe a matsayin ma'aikaciya. Kwalbar bana tana jiranta a ɗakin Inna Rekiya, domin tun daga waccan shekara gidan bai taɓa tsallake damina ba. Ta ɗaga ta ga haske, ta juya ta, ta ajiye. Fes. Sai ta gyara zama a kan tabarma, ta miƙe gwiwar nan, ta dubi tsohuwar.

"Inna, aikina ya zo ƙarshe. Ina ruwan marabata? Shekara shida kina riƙe mini."

 Zakiyya ce, da kayan makarantar Islamiyya a jikinta, ta ruga ta ɗebo a kwanon silba ta durƙusa. Madam ta karɓa da hannu biyu ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu ta ce, "Kai, Malam ya iya haƙa rijiya." Haula ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi.

Mun gode, Madam Alisabatu. Allah Ya hutar da gajiyarki, Ya sassauta miki gwiwar da kika ƙarar a lungunanmu, Ya tashe mana wasu masu irin taurin kanki. Ku kuma ma'aikatan da ke tasowa, ga kula nan ta ajiye, tana jiran mai ɗauka.

Sauran mu masu rijiya a gida, kada mu tsaya a tafi da sa albarka. A nemi mai gwaji a kowace damina, komai daɗin ruwan, komai kumfar sabulu. Kafin a same shi kuma akwai abin da ba ya bukatar kwalba: yau ɗin nan ka fita, ka jingina bayanka da bakin rijiyarka, ka taka zuwa ƙofar masai kana ƙirgawa. Haula ta ce in gaya muku nata tara ne.